Abin da Kawu Idi Ya Yi wa Fuskar Inna

"Kar a motsa, uku ne!"

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamarar Kawu Idi, daga Adjamé har Treichville a nan Abidjan, ya san wannan tsawa. Sauran masu hoto na duniya sukan ce a yi murmushi, su ƙyasta sau ɗaya, kowa ya kama gabansa. Shi kuwa sai ya kafa kyamara a kan ƙafafunta, ya ɗaga yatsu uku sama, ya daka tsawar da Hausa, sannan ya maimaita da Faransanci saboda 'ya'yanmu da Hausa ke ba wahala: "On ne bouge pas!" Daga nan ba numfashi, ba ƙifta ido, ko ƙuda ya sauka a hancinka sai dai ka yi haƙuri da shi har ka ji ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ya yi wa amare wannan tsawa, ya yi wa limamai, ya yi wa jaririn kwana bakwai. Da idona na ga ya yi wa gbaka, ƙaramar bas ɗin nan ta haya, tana gudu cike da mutane a gaban unguwar 220 Logements, kuma da ba ta tsaya ba ya bi direban da zagi.

An ce in rubuta wani abu a kansa yanzu da aka yi sadakar arba'in, wai ni ce 'yar yayarsa, kuma ni ce mai baki a gidan. To ga shi. Amma tun yanzu in gaya muku, mai jiran yabo ya nemi maroƙi. Ni Rakiya har Kawu ya bar duniya ina jin haushinsa, kuma a yau ɗin nan da nake rubutu haushin bai gama sauka ba. Hoto ɗaya tak Inna, mahaifiyata, yayarsa ciki ɗaya, ta yarda aka ɗauke ta da tsufanta. Shi ya ɗauka, shi ya ɓata, kuma ba ni da wani da zan nuna wa 'ya'yana in ce ga kakarku. Zan zo kan wannan, amma bari in fara daga inda abin ya faro.

Ba zan zalunce shi ba, Kawu ya iya hoto. Ya fi shekara talatin a shagonsa na Adjamé Saint-Michel, tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, kuma da wuya ka shiga gidan Bahaushe a garin nan ba ka ga aikinsa rataye a bango ba. Abu ɗaya ne ya addabe shi duk tsawon shekarun: baƙar fuska da farar riga. Ranar sallah Alhaji ya sha farar shadda mai aiki, ya tsaya cikin ranar Abidjan. In ka auna haske don fuska ta fito, riga ta zama farin fili, aikin da aka yi wata biyu ana yi ya ɓace. In ka auna don aikin ya fito, fuskar Alhaji ta zama baƙin rami, sai haƙora da fararen ido. Kawu yakan ce shekara talatin yana zaɓe tsakanin mutum da rigarsa, kuma in ya bar wa alhazan zaɓi, riga suke ɗauka.

Sai wani abokin sana'arsa ya nuna masa wata dabara a sabuwar kyamara da kwamfuta, HDR, wadda shi yake kira "ash-de-er" da bakin Faransanci. Abin ba shi da wuyar ganewa. Ana ɗaukar hoto uku a jere, ɗaya mai duhu, ɗaya daidai, ɗaya mai haske, sai kwamfuta ta haɗe su, ta tsinto abin da ya ɓuya a inuwa da abin da haske ya cinye. Shi ya sa ba a motsi. Ina tune da ranar da ya haɗa na farko, don takanas ya hau mota ya ƙetare gada ya zo shagona na ɗinki a Treichville, yana haki, ya shimfiɗa mini hoton a kan keke ina tsakiyar aiki.

"Rakiya, tsaya ki duba! Alhaji Sani mai albasa ne! Ga fuska, ga aska takwas a ƙirjin riga, duka a takarda guda!"

Wallahi hoton ya yi kyau. Kana ganin zaren aikin sili-sili, kana ganin murmushin Alhaji, har buhunan albasa da ke can cikin duhun shago a bayansa sun fito. Idon Kawu ya ciko da ƙwalla. Ni ma na taya shi murna, har na aika aka sayo masa lemo mai sanyi. Da na san abin da ke tafe da na shanye abina.

Matsalar ita ce a cikin kwamfutar akwai wani ma'auni da ake ja, daga sifili zuwa ɗari, shi ke ƙara ƙarfin abin. Masu hankali suna tsayawa a ashirin ko talatin, kamar dai gishiri a miya. Shekarar farko Kawu ma nan yake tsayawa. Shekara ta biyu ya kai hamsin. Daga nan bai ƙara waiwaye ba sai da ya dangana da bango, kuma da akwai ɗari da goma da can za a same shi. Samarin unguwa suka laƙa masa suna Tonton À Fond, wato Kawu mai kaiwa ƙarshe, shi kuma ya riƙa amsawa yana shafa gemu.

Ku buɗe akwatunanku ku duba in ƙarya nake. Duk hoton da aka ɗauka a danginmu cikin shekarun nan sama baƙin hadari ce kamar za a yi tashin ƙiyama, ko da ranar babu gajimare ko ɗaya. Kowane kai da farin zobe kewaye da shi. Fata kamar an shafe ta da gawayi an bi da man gyaɗa. Duk ƙurjin da mutum ya yi tun yana firamare sai ya dawo ya zauna inda yake a dā. In ka yi magana ya ce maka ai yana nan, shi fito da shi kawai ya yi.

Kun san al'adar mutanenmu a nan. In mutum ya sayi ragon layya sai ya ɗauki hoto da shi ya aika gida, don a san ba zaman banza yake yi a Abidjan ba. Malam Hamisu mai tsire na tashar mota ta Gare de Bassam ya daɗe bai samu abin aikawa ba, sai wata shekara Allah ya hore masa wani ƙaton farin rago mai ƙaho kamar na sa. Ya yi wanka, ya yi wa ragon wanka, ya kira Kawu. Kawu ya kafa kaya, ya ɗaga yatsu, ya daka tsawa. Malam Hamisu ya ƙame kamar soja. Shi kuwa rago da ya ji tsawar sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ɗaga ƙafa. Malam Hamisu yana sauri ya koma kan wuta, sai ya bar lambar wansa da ke can Tibiri, ya ce in an gama a tura masa kai tsaye. Kawu kuwa ya tura.

Kafin la'asar waya ta yi ƙara, wan ne.

"Hamisu, wace irin dabba ce wannan ka saya?"

"Rago ne mana, Yaya."

"Rago mai kai uku da ƙafa shida? Mun kai wa liman, ya ce shi dai bai taɓa cin karo da hukuncinsa a littafi ba. Ga tsohuwa nan tana kuka. Ta ga hasken da ke fita daga kanka, ta ga yadda sama ta yi. Ta ce in gaya maka duk abin da ka shiga a Abidjan ka fita, talauci ba abin kunya ba ne."

Malam Hamisu ya iso Adjamé da wuƙar yankan nama a hannu, don ya manta bai ajiye ta ba. Mutane suka taru a ƙofar shago. Kawu ko gezau, yana zaune yana goge gilashin kyamara da gefen rigarsa.

"Malam Idi, ka zubar mini da mutunci a garinmu! An ce na shiga asiri!"

"Na ce kar a motsa ko ban ce ba?"

"Ka ce!"

"Kai ka ji, shi bai ji ba. Ga ka da wuƙa a hannu, je ka yi maganar da wanda ya motsa."

Haka ya yi wa Bakary direban woro-woro, tasin nan ta haɗaka, da ya so sayar da motarsa. Mota ce dai tsohuwa, amma in ka tsaya daga nesa ba laifi. Da Kawu ya gama da ita, kowace tsatsa ta fito ja wur, kowane wurin da aka taɓa bugawa aka cike ya bayyana, har wata tsohuwar lamba da aka rufe da fenti ta leƙo. Wata biyu hoton na yawo a wayoyin dillalai, mutum ɗaya ya kira, shi ma mai sayen ƙarafa ne. Bakary ya zo ya ɗora hannu biyu a ka.

"Tonton, tu m'as tué! Ka kashe ni!"

"Gaskiyar motarka na nuna."

"Wa ya aike ka gaskiya? Ni hoto na ce!"

Duk wannan dariya muke yi, don a kan wasu yake faɗawa. Sai da ta zo kaina na san ba abin dariya ba ne. Bikin Nafisa, 'yar ƙanwata, ni na ɗinka anko. Kwana uku ina zaga kasuwar Adjamé, ƙafata har ta kumbura, kafin in samo wani yadi ruwan hoda mai sanyi, irin wanda ke kwantar da ido. Mata arba'in na ɗinka wa, kowa ta sa ta fito fes. Amarya ta kwashe rabin yini a hannun mai kwalliya. Na ce a ɗauko wani mai hoto, aka ce haba, Kawu na raye, ai cin fuska ne.

Da hotuna suka fito, ankona ya koma launin ɗanyar hanta. Mata arba'in a jere kamar an jingine su a mahauta. Kwalliyar amarya ta tsattsage, kowace ƙofar gashi ta fuskarta a buɗe. Uwar ango da ba ta samu zuwa daga Damagaram ba ta kira tana jajanta mana wai ruwa ya dake mu, sannan ta tambaya a hankali wace ce amaryar, don ita dai ta ga wata dattijuwa a tsakiya. Na ɗauki albam ɗin, na ja hannun Nafisa, muka yi shagonsa.

"Kawu, wannan wane launi ne?"

"Wanda kika ɗinka."

"Ni ruwan hoda na ɗinka!"

"Ruwan hoda a idonki. Wannan yana cikinsa a kwance, ni na tashe shi."

"To wa ya ce ka tashe shi? Barcinsa ya tsone maka ido?"

"Ke tela ce, Rakiya, tsaya a allurarki. Ba a auna haske da tef."

Nafisa ta fashe da kuka, ta koma Faransanci kamar yadda suke yi in ransu ya ɓaci: "Tonton, tu m'as vieillie de trente ans!" Wai ya ƙara mata shekara talatin. Kun san abin da bawan Allahn nan ya ce? Ya miƙa mata hankici, ya ce, "To ai alheri na yi miki. Mijinki ya ga abin da ke jiransa, kuma bai gudu ba. Riƙe shi da kyau."

Tun daga nan muka fara ɗaukar masu hoto a ɓoye. A banza. Ko ba a gayyace shi ba sai ka hango shi yana saukowa daga gbaka da ƙafafun kyamara a kafaɗa, ya ratsa taro, ya kafa kayansa daidai gaban wanda aka ɗauko. Da wayoyin hannu suka fara yin ash-de-er ɗin da kansu, cewa ya yi sata ce, kuma ɓarayin ma ba su iya ba, tsoron ma'auni suke ji.

Sai kuma tsiminsa, wanda ni rowa nake kiransa. Kati ɗaya tal yake da shi na ajiyar hoto, wanda ya zo da kyamarar. An ba shi wasu kyauta, ya kai su gida ya ɓoye ko buɗewa bai yi ba. Da ya haɗa hoto ya buga a takarda, sai ya goge ukun na asali daga kati da kwamfuta, wai suna cin wuri. Yakan ce kati ɗaya ya ishi mai tsari. A lokacin ban ɗauki wannan da zafi ba, na sa shi cikin sauran halayensa.

Yanzu ga maganar Inna. Waɗanda suka sha furarta a bakin Gare de Bassam sun san ta, mace mai sanyin fuska, mai dariya a ciki. Ba ta son hoto ko kaɗan. Ka ɗaga waya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ba amarya ba ce. 'Yan hotunanta na ƙuruciya ruwan damina ya shiga ɗaki wata shekara ya lalata su, na katin shaida kuwa bai fi ƙumba ba kuma ya goge. Da ciwon suga ya fara cin ƙarfinta na zauna na roƙe ta, na ce ko don jikokinta. Da ƙyar ta yarda, da sharaɗi ɗaya.

"Idi zai ɗauka. Shi kaɗai ne ba na jin kunyar idonsa."

Na je na same shi na durƙusa, ni da ban saba durƙusa masa ba. Na ce, "Kawu, don Allah, don darajar iyayenku, sau ɗaya kawai ka ƙyasta. Ban da ash-de-er. Inna nake so kamar yadda take." Ya ce to. Sau biyu na maimaita, sau biyu ya ce to.

Ranar ta yi kyau, jama'a. Ta sa shuɗiyar atamfa da farin mayafi, ta zauna a kujera kusa da taga, hasken hantsi na sauka a gefen fuskarta. Kawu ya kafa kaya, ya daɗe yana leƙe, sannan na ga yatsun nan sun tashi sama.

"Yaya, kar ki motsa, uku ne."

Ban taɓa jin ya faɗe ta a hankali ba sai ranar. Inna ta ce, "Idi, tun kana goye a bayana kake ba ni umarni." Ta danne dariya ta zauna shiru. Na harare shi, ya ce in kwantar da hankalina, na tsakiyar zai ba ni. Na yarda, don wauta.

Wata huɗu bayan nan Inna ta rasu. Ranar sadakar bakwai, gida cike da mutane, ya shigo rungume da hoton a cikin firam, an naɗe da takarda, ya miƙo mini da hannu biyu. Na buɗe. Innalillahi! Kowace tamojin fuskarta ta zama kunya irin ta gona. Zanen Gobir ɗinta, wanda tsufa ya riga ya shafe har sai ka matso kake gani, ya fito baƙi ƙirin kamar jiya wanzami ya yi shi. Idonta ya faɗa ciki. Farin mayafin ya koma toka, bangon bayanta duk dattin damina, ta taga kuma ga hadarin nan nasa na kullum. 'Yata Zainabu, lokacin tana 'yar shekara shida, ta leƙa sau ɗaya ta ɓuya a bayana.

"Kawu, ina na tsakiyar?"

"Wane?"

"Na tsakiyar da ka ce za ka ba ni!"

Ya ce, "Na goge. Kati ya cika."

Ban san lokacin da murya ta fita ba. A gaban baƙi, a gaban malamai, na ce masa Allah ya ɗauke mini uwa, shi kuma ya ɗauke mini fuskarta. Na ce rowarsa da taurin kansa sun fi masa 'yar'uwarsa daraja. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Ya kai hannu ya shafa gilashin, ya ce, "Ni dai ita na gani." Ya nemi takalminsa ya fita. Na ɗauki hoton na cusa bayan kabad, fuskarsa na kallon bango. Shekara biyu ban taka shagonsa ba. Da sallah sai dai in tura yara su gaishe shi, in ya kira waya in ce ina kan keke.

Ranar da ajali ya zo, da hantsi Kawu ya faɗi a ƙofar shago, kafin in ƙetare gada ya cika. Mutanen unguwa suna ta ce mini yako, gaisuwar ta'aziyyarsu ta nan, ni kuwa kunya ma ta hana ni kuka sosai. Amma ku ji halina. Ana gama sadakar bakwai ɗinsa na ɗauki mijin Nafisa, wanda ya san kwamfuta, muka buɗe shagon. Na ce ya tone ta har ƙasa, ko Allah zai sa na tsakiyar nan ya maƙale a wani lungu. Ya yi yini guda. Babu. Kawu in ya goge abu ya goge. Ina zaune a kan benci ina huci sai ga Tanti Hadiza, matarsa, ta leƙo daga ƙofar da ta haɗa shagon da gida, tana cikin takaba.

"Me kike nema, Rakiya?"

"Fuskar uwata, Tanti."

Ta koma ciki, ta fito da wata baƙar leda ta ajiye a cinyata. Takardun asibiti ne, da kwalaben maganin ido, wasu ko buɗe su ba a yi ba.

"Yanar ido ce ta rufe masa ido, duka biyun. Shekara takwas ke nan da likita ya ce a yi aiki, ya ce ba mai kusantar idonsa da wuƙa. Ya rantsar da ni kar in faɗa wa kowa. Ya ce ranar da aka ji mai hoto ba ya gani, ranar zai rufe shago."

"Haba Tanti! Mutumin da ke hawa mota shi kaɗai, yana zuwa biki?"

"Da murya yake gane ku. Ba ku lura ya daina fara gaisuwa ba sai an gaishe shi? Kuka ce girman kai ne ya kama shi. Hoton da ku kuke gani daidai, shi kamar ta cikin hayaƙi yake hango shi. Sai ya ja abin nan fuska take fito masa. Ido na ƙara rufewa, yana ƙara ja."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Ranar da ya haɗa na Yaya, daga azahar har la'asar yana gaban kwamfutar nan, hancinsa kamar zai taɓa gilashi. Ya buɗe na tsakiyar da kike so, ya ce ba kowa a ciki, farin abu ne kawai a kan kujera. Ya yi ta ja, ya yi ta ja. Sai ji na yi ya ƙwala mini kira: Hadiza, zo ki ga Yaya! Ga zanenta nan! Ya ce rabonsa da ganin fuskarta shekara biyar. Ya zauna a nan inda kike yana kuka."

Kuna tsammanin da na ji haka fushina ya tafi? Ƙaruwa ya yi. Aikin da ake yi wa tsofaffi kullum su koma gida da ƙafarsu, shi ne Kawu ya ƙi, ya gwammace ya sa dangi guda cikin hadari shekara da shekaru! Na ji haushin Tanti da rantsuwarta. Na ji haushinku duka, ku da kuka yi ta kiransa Tonton À Fond kuna tafawa, ba wanda ya tsaya ya ce mutumin da ya yi shekara talatin yana aiki mai tsabta me ya same shi. Wadda na fi jin haushi kuwa ita ce ni. Ni tela ce, da ido nake cin abinci, na san yadda tsofaffin teloli ke fara neman zare mai kauri ba sa faɗin dalili. Mutumin nan ya tsaya a gabana ya ce ni dai ita na gani, ya faɗa mini gaskiya tsirara, ni kuma na juya masa baya shekara biyu.

Da na koma gida na jawo firam ɗin daga bayan kabad, na goge ƙura. Yana nan yadda na san shi, mai tsanani, ba daɗin kallo. Na jingine shi a kan keke. Akwai wani siririn farin yadi da nake yi wa amare lulluɓi da shi, na yanko, na ninka biyu, na rufe idona da shi, na sake dubawa.

Ga Inna zaune. Tamojin sun kwanta, zanen ya koma ɗan alama kamar yadda na san shi, mayafin ya yi fari, hadarin taga ya zama hasken hantsi. Har dariyar da take dannewa tana nan a gefen bakinta. Ban san iya lokacin da na yi a tsaye ba. Na kira Zainabu na ɗora mata yadin a fuska, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da 'yar Hausarta, "Maman, Kaka tana da kyau."

Hoton yana falona yanzu, da yadin rataye a ƙusa kusa da shi. Duk wanda ya zo sai ya tambaya, ni kuma in miƙa masa in ce ya duba.

Kawu, ban gama fushi ba, ka san halina, gadonka na yi. Amma na yafe, kai ma ka yafe mini abin da na faɗa a gaban mutane. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka taurin kanka kamar yadda muke roƙon ya yafe mana namu. Allah ya haɗa ka da yayarka a Aljanna, ka gan ta da lafiyayyen ido. Amin.